Rubutu Tara da Ba Nawa Ba

4 ga Maris

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar taki? Ina fata kina shan maganin a kan lokaci, ba sai ta matsa miki ba kamar yadda kika saba. Mu nan lafiya lau muke. 'Yan biyu sun koma makaranta, uwarsu kuma tana gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin waya. Ranar Litinin aka cire mini filastar hannu, sati tara cif tun da bijimin nan ya matse ni da ƙofar garke. Likitan ƙashi ya ce in riƙa riƙe alƙalami kullum don yatsun su saki, sai na ga gara in rubuto miki da in yi ta zane a banza. Ban da haka ma, maganar da ke raina ba ta waya ba ce. Kin san gidanmu, ko tari na yi a ɗaki ana ji a kicin.

Kin tuna shafin nan nawa na intanet, wanda yaranki ke kira bulog, inda nake rubutu kan kiwon kaji da awaki? Shekara shida ke nan ina sa sabon rubutu duk Asabar, kuma ba na sa ko ɗaya sai na duba littattafai uku. Masu karantawa ba su da yawa, in sun kai sittin a sati an yi kasuwa. Ban taɓa damuwa ba. Cewa nake yi a raina, ni likitan dabbobi ne, ba mai ba da labarin ban dariya ba.

Da hannun ya karye, Maman Biyu ta ce kada in bar shafin ya mutu, in riƙa faɗa tana bugawa a kwamfuta. Haka muka yi Asabar tara. Ina kishingiɗe a doguwar kujera ina faɗa, tana teburin cin abinci tana bugawa. Ban taɓa dubawa ba. Me zan duba? Shekara goma sha huɗu tana tsaye bayan kanta a shagonmu na maganin dabbobi, babu kwalbar da ba ta san sunanta ba.

Jiya da hantsi wani tsohon direba da ya koma kiwo ya shigo shago, ya riƙe hannuna mai lafiyar yana ta godiya. Wai rubutuna kan 'yan tsaki ya ceci nasa ɗari biyu. Har ya karanto mini wani wuri da ka yana dariya. Na yi ta gyaɗa kai kamar na gane, alhali ban taɓa jin waɗannan kalmomi ba a rayuwata. Yana fita na buɗe wayata.

Yaya, ga abin da na faɗa mata: "Wajibi ne ga mai kiwo ya kula da ma'aunin zafi a ɗakin renon 'yan tsaki, musamman a makon farko, kasancewar ƙarancin zafi ko yawansa na haddasa mace-mace." Ga kuma abin da na tarar a shafina, a ƙarƙashin hotona: "Ba ki da ma'aunin zafi? Kada ki damu, 'yan tsakin da kansu za su gaya miki. Tsaya a bakin ƙofa ki kalle su. In sun dunƙule ƙarƙashin fitila kamar masu gulma, sanyi suke ji. In sun gudu jikin bango suna haki, kina dafa su ne. In kowa na yawonsa yana tsattsagar abinci, je ki sha shayinki."

Masu gulma! Shayi! Har da "ki", sai ka ce mata kaɗai ke kiwo a duniya. Duka taran haka ta yi musu. Mutum dubu huɗu da 'yan kai ne suka karanta wannan ɗaya kawai, ga sharhi sama da ɗari biyu, kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta amsa da sunana.

Ban ce mata komai ba tukuna. Raina ya ɓaci ne saboda mutuncin sana'a, ba don wani abu ba. Abokan karatuna suna ganin shafin nan. Me za su ce?

Don Allah wannan ya tsaya tsakaninmu. Ki gaishe mini da maigidanki.

Ƙaninki,
Auta

25 ga Maris

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau da kyau, da fatan kowa na gidan yana lafiya. Na ji daɗi da kika ce gwiwar ta yi sauƙi. Hannuna ma ya fara saki, kin ga rubutun ya daina karkacewa.

Takardarki ta iso. Na zaci za ki taya ni jin haushi, sai ga shi tambaya ɗaya kawai kika yi: ko ta canza adadin wani magani? Ko ta faɗi abin da ba daidai ba? Na ji zafin tambayar, amma na ce bari in ba ki amsa da hujja. Na buga rubutun tara a takarda, na ɗauki jan biro, na shiga ɗakin ajiya na bayan shago na zauna a kan buhun dusa. Awa biyu ina bin su layi-layi. Yaya, Allah ya sani so nake in samu. Addu'a nake yi a raina in ga wuri ɗaya da ta ce cokali biyu maimakon ɗaya. Ban samu ba. A rubutun maganin zawo ma ta ƙara cewa kada a sayar da ƙwai sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika, abin da ni na manta ban faɗa ba. Na mayar da murfin biron yadda na same shi.

Duk da haka na yi mata magana. Ranar Lahadi da safe tana guga, na tsaya a bakin ƙofa na ce wa ya ba ta izinin taɓa mini rubutu. Ta ajiye dutsen gugar ta ba ni haƙuri, ta ce ta yi kuskure da ba ta tambaye ni ba, tsoro ta ji kada in hana. Ta ce akwai wata mata mai kaji talatin a bayan gida da ke zuwa shago duk Talata. Wata rana matar ta miƙo mata waya ta roƙe ta ta fassara mata abin da Likita ya rubuta, alhali ba da wani baƙon harshe na rubuta ba. Tun daga nan, in ina faɗa tana bugawa, sai ta riƙa ganin matar a tsaye gaban kanta da kwandonta, sai ta rubuta yadda za ta gaya mata baki da baki. Ta ce wai abin da ya fi wuya a rubutu shi ne ka san wa kake wa magana.

Ita ce ke koya mini rubutu, Yaya. Wadda ni na nuna mata yadda ake kunna kwamfutar.

Na ce na ji. A ranar na canza kalmar sirrin shiga shafin, ban gaya mata ba. Da la'asar na hango ta ta buɗe kwamfutar don ta amsa wa masu tambaya. Ta buga sau ɗaya, ta sake bugawa, sannan ta rufe a hankali ta tashi ta ɗora ruwan zafi. Har yau ba ta tayar da maganar ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Asabar biyu ke nan na koma rubutu da kaina, da salona na da. Na farko kan tsutsar ciki ne, kuma na yi masa aiki sosai. Mutum ɗari bakwai suka buɗe. Na biyu, ɗari da tamanin. Sharhin da aka yi kuwa ba na tsutsa ba ne. Wani ya ce, "Likita, lafiya dai? Ko ciwon ne ya dawo?" Wata ta ce ta karanta sau biyu ba ta gane ko da safe ake ba da maganin ko da yamma ba. Wani kuma ya ce sun yi kewar Likitansu. Ni ne fa Likitan, ina nan zaune, ana kewar wani a cikin shafina.

Yanzu in ina ɗakin duba dabbobi sai in riƙa kasa kunne ina jin yadda take magana da masu saye. Suna shigowa fuska a murtuke, su fita suna dariya da magani a hannu. Shekara goma sha huɗu ana haka a gabana ban taɓa lura ba, yanzu kuwa kowace dariya sai ta tokare mini ƙirji.

Kada ki yi mini wa'azi a amsarki, na roƙe ki. Zan gyara abin da kaina.

Ƙaninki,
Auta

15 ga Afrilu

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da iyali. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Ba aiki ne ya hana ni ba, kunya ce.

Na ce zan gyara, to ga gyaran da na yi. Na zauna na karanci salon Maman Biyu kamar mai shirin jarrabawa. Na ga tana gajarta jimla, tana yin tambaya, tana jefa raha. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne, duk wanda ya haddace sunayen ƙasusuwan saniya zai iya. Na yi rubutu kan kaska na cika shi da barkwanci, har ina kiran kaskar baƙuwar da ba ta sallama. Mutane suka ɗan dawo. Kaina ya fara girma.

A ƙarƙashin wannan rubutu ne wani mutum ya rubuto cewa kajinsa ɗari huɗu sun mutu cikin kwana uku, wuyansu na murɗewa, saura ƙalilan, me zai yi? Ni kuma da sabuwar muryata ta aro na amsa masa: "Ayya, kajinka sun tafi yajin aiki ke nan! Kada ka damu, wata rana sai labari." Sannan na lissafa masa matakan da zai bi. Matakan daidai suke, ko yanzu na tsaya a kansu. Amma ga amsarsa: "Likita, shekara biyu ni da matata muna renon wannan kiwo. Da hannuna na haƙa ramin da na binne su jiya. Ban zo nan don a yi mini raha ba."

Na goge amsata, amma mutane sun riga sun gani. Na kasa cin abincin rana.

Sai na koma baya na duba yadda ita ta riƙa amsa wa irin waɗannan. Akwai wata da akuyarta ta mutu wajen haihuwa. Ko kalma ɗaya ta wasa babu. Cewa ta yi: "Sannu. Na san ba akuya kaɗai kika rasa ba. Ga abin da za ki yi wa ɗan da ta bari kafin rana ta faɗi." Ashe ni rahar kawai na gani na kwafa. Ban ga inda take ajiye ta ba. Na san ta ga abin da ya faru, don tana karanta shafin a wayarta kamar kowa. Da yamma ta kawo mini shayi ta ajiye, ta ɗan dafa kafaɗata ta wuce. Maimakon in ji sanyi, haushi na ji. Har tausayin nata ma ya fi nawa iyawa.

Yanzu ga babbar maganar. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce saƙo ya shigo akwatin shafin daga editar wata mujallar manoma. Ta ce suna neman wanda zai riƙa yi musu fili guda duk wata, mai amsa tambayoyin ƙananan masu kiwo, kuma sun daɗe ba su ga mai murya irin tawa ba. Ta lissafo rubutun da suka burge ta, guda biyar. Na duba kwanan watan kowanne, ko da dai na san abin da zan gani. Babu nawa ko ɗaya.

Kin fi kowa sanin tun ina ɗalibi nake mafarkin ganin sunana a irin wannan mujalla. Ke kika riƙa ajiye mini tsofaffin mujallu a ƙarƙashin katifarki. Sau uku na aika musu rubutu a baya, ko amsa ban samu ba. Yau ga shi sun zo da kansu, da sunana a saman saƙon, amma ba ni suke nema ba.

Ban gaya wa Maman Biyu ba. Na amsa na ce zan zo ofishinsu ranar Alhamis mai zuwa. Ina gaya wa kaina ai ilimin nawa ne, ita ado kawai ta yi masa. Wani lokaci har in yarda.

A takardarki ta baya kin rubuta wata kalma kika soke ta, amma ana iya karantawa in an ɗaga takardar a haske. Gaskiyarki ne, ba sai kin soke ba. Ƙyashi ne. Ina ƙyashin matata, uwar 'ya'yana, wadda ta yi sati tara tana ɓalla mini maɓallin riga. Na rubuta, na gani da idona, kuma bai ragu ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

2 ga Yuni

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara baki ɗaya. Na gode da kiran da kika yi ta yi, ki yafe mini rashin ɗauka. Ba na so in yi magana sai abin ya kai ƙarshe. Yanzu ya kai.

Na je ofishin mujallar ranar Alhamis ɗin, da niyyar karɓa. Na sa rigata mai kyau, na ce wa Maman Biyu taro gare ni. Ofishin a hawa na biyu yake, ɗaki ɗaya cike da ɗaurin tsofaffin mujallu har jikin taga. Editar dattijuwa ce mai tabarau a rataye a wuya. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ce abu ɗaya take so ta sani: yaya nake zaɓen muryar da nake rubutu da ita, har manomi ya ji kamar maƙwabcinsa ne ke magana?

Yaya, ban ko yi tuntuɓe ba. Na ce ai akwai wata mata mai kaji talatin da ke zuwa shagona duk Talata, ita nake sawa a gabana in zan yi rubutu. Editar ta yi murna har da tafa hannu. Ta jawo takarda ta ce in ba ta labarin matar, da shi za su buɗe filin. Yaya kamanninta? Me take cewa in ta shigo? Me ya sa ta fara kiwo?

Shekaru matar nan tana shigowa shagona, ina wucewa ta gefenta da jakata, ban san ko doguwa ce ko gajera ba. Editar tana riƙe da biro tana jira, fanka na juyawa a samanmu. Sai na ji bakina yana cewa, "Ranki ya daɗe, ba ni na rubuta su ba. Matata ce." Ba jarumta ba ce, kada ki yabe ni. Ƙarya ce ta ƙare mini a hanya.

Ta cire tabaraun ta dube ni, ta ce to me ya hana ni zuwa da ita?

Da na dawo na tarar da Maman Biyu tana jera kwalabe a kan kantar shago. Na rufe ƙofar shagon da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba, na miƙa mata wayata ta karanta saƙon. Na ga idonta ya tsaya a kan kwanan watan. Ta ƙirga da yatsu. Ta ce, "Kwana goma sha takwas. Kullum muna cin abinci a faranti ɗaya." Daga nan ta faɗi abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Ta ce ba mujallar ce ta fi yi mata ciwo ba, ranar da ta buga kalmar sirri ta ƙi buɗewa ce, ta ji kamar an kulle ta a waje a gidanta. Ta ce sati taran nan su ne karo na farko da ta ji tana da wani abu nata ban da miƙa kwalba, kuma kullum tana jira in duba in ce ta yi ƙoƙari. Ba ta yi kuka ba, ni ne na kusa. Kwana huɗu ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa.

A kwana na biyar ta ce in kai ta. Na kai ta, na zauna a benci a baranda, ina jin dariyarsu ta cikin ƙofa har awa ɗaya da rabi. Ta karɓi aikin, da sunanta, bisa sharaɗin ni zan riƙa duba duk wani adadin magani kafin a buga. Ita ta kawo sharaɗin, ba editar ba.

Na rubuta sabuwar kalmar sirrin shafina a takarda na ba ta. Ta mayar mini. Ta ce shafin nawa ne, in nemo muryata da kaina, don ta aro ba ta yi mini kyau. Na fara da mutumin nan mai kaji ɗari huɗu. Na rubuta masa layi huɗu, ba ado, ba wasa, na ce na yi kuskure kuma na ji kunya. Ya amsa da adireshinsa. Na je na duba sauran kajin, na nuna masa yadda zai wanke ɗakin kafin ya sa sababbi. Yanzu shi nake sawa a gaba in zan rubuta. Ba shi da son raha, ni ma haka, mun dace. Masu karanta ni sun kai ɗari uku. Na daina duba adadin masu karanta tsofaffin rubutunta, sai dai wani lokaci.

Shekaranjiya mujallar ta fito. Na sayi uku, ga ɗaya nan na haɗo miki. Shafi na goma sha biyu. Sunanta a sama da manyan haruffa, nawa a can ƙasa, sai kin matso da shi kusa da ido. Na karanta a cikin mota kafin in shiga gida, ina neman inda zan ce da ni ne da na fi haka. Ban samu ba. Yana da kyau, Yaya. Yana da kyau ƙwarai, kuma abin nan bai bar ƙirjina ba. Ya dai rage nauyi, har ina iya yi mata murna da shi a ciki.

Yau da safe ina tsaye bayan kantar shago wani saurayi ya shigo da mujallar a naɗe a hannu. Na gyara tsayuwa na ce me ke damun dabbar tasa. Ya leƙa bayana, ya ce don Allah Malama yake nema, mai rubutu. Na ce ya ɗan jira. Na leƙa ɗakin ajiya na kira ta, na jawo masa kujera, ni kuma na koma ciki na ci gaba da auna dusar da ta bari.

Tana gaishe ki, ta ce ki karanta ki gaya mata gaskiya. Ni kuma na ce ki gaya mata a hankali, ba a gabana ba.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta